Yadda za ka shirya pikap ɗinka don fita daji da iyali, ko kwana ko farauta

Salamu alaikum 'yan uwa. Duk wanda ke da pikap a Kumasi kuma yana son ya riƙa ɗaukar iyali su je su kwana biyu a daji in hunturu ya shigo, ko ya bi abokai farauta wajen Ejura ko Atebubu, abu na farko da zan ce masa shi ne kar ya fara da welda. Fara da biro da takarda. Na san ba haka ake yi ba, mutum na samun kuɗi sai Magazin, unguwar makanikai da masu walda da ke Suame, a maka masa katon ƙarfe a gaba, a jera fitilu shida a sama, a ɗaga motar har sai Hajiya ta nemi kujera kafin ta hau, sannan ranar tafiya a ga babu inda za a sa ruwan sha.

Lissafin da nake nufi na nauyi ne. Hilux, Hardbody, Navara, L200, D-Max, duk masu ƙofa huɗun nan abin da suke ɗauka bai wuce wajen kilo 1000 ba, wasu ma ba su kai ba, kuma abin da mutane ke mantawa shi ne ku da kuke zaune a ciki kuna cikin lissafin. Ka duba littafin motar ko ɗan farantin da ke jikin ƙofar direba ka ga naka adadin. To mu gwada. Kai da madam da yara uku ka ce kilo 250. Rumfar ƙarfe da tamfol 70, katakon gado da akwatuna 50, ruwa galan huɗu na lita 25 kilo 100 cif tunda lita ɗaya kilo ɗaya ce, dizal na ajiya 40, batir na biyu 30, tayar ajiya ta biyu 30, firij da abin da ke ciki 40, tanti da katifu 40, sifanu da jak da shebur 30, tukwane da shinkafa da gari da sauran tarkace 50. Ka ga mun kai 730 ba mu sa bindiga ba, ba mu sa buhun doyar da za a ce ka tsaya ka saya a Techiman ba, kuma wallahi za a ce. In ka ɗora katon bamba na ƙarfe da injin jan mota a gaba, wani 90 ɗin ya tafi a kan abin da mai yiwuwa har ka sayar da motar ba ka taɓa amfani da shi ba. Mota in ta yi nauyi birki ne ke fara gaya maka, sai sifirin, sai taya.

In ka gama lissafi sai wajen makanike. Kafin a ƙara komai a tabbatar abin da ke jikin motar lafiyarsa ƙalau, birki gaba da baya, kuloci, lagireto da robobinsa, fambel, boris na ƙafa, a canza baƙin mai da filta duka, a gwada giyar ƙafa huɗu a gabanka a ga tana shiga tana fita, don akwai motocin da sun yi shekaru a gari ba a taɓa sa musu ita ba, sai ranar da aka kafe a laka a ji shiru. Wannan ba ya buƙatar dogon bayani, kowa na da masta ɗinsa.

Taya ita ce inda ban yarda a yi rowa ba. Nemi irin wadda aka rubuta AT a jikinta, mai cin kwalta da jar ƙasa duka, kuma mai ɗaukar kaya, za ka ga LT ko C a wajen lambar girmanta. Masu manyan haƙoran nan na laka kyau kawai gare su a gari, daga nan zuwa Kintampo kukansu zai sa yara ciwon kai kuma suna shan mai. Sannan ka karanta shekarar taya da idonka, lambobi huɗu ne a ƙarshen layin da ya fara da DOT, in ka ga 3524 to an yi ta a sati na 35 na 2024. Dokar hanya ta 2012, L.I. 2180, ta hana tayar da ta wuce shekara huɗu da ƙerawa, ta kuma hana wadda aka yi wa alamar zafi C (ba C ɗin ɗaukar kayan nan ba), ta ƙasar sanyi kenan, sai A ko B. Ko babu doka ma, tsohuwar tayar Turai da kaya a kanta a zafin kwaltar Buipe da rana tsaka ba abin wasa ba ce. Taya biyar iri ɗaya, in da hali shida. Ka sayi ɗan famfon iska mai aiki da batir da ma'aunin iska da igiyar facin tubules, ka ce wa mai faci na unguwarku ya koya maka, minti goma ne. A kwalta ka bi iskar da aka rubuta a ƙofa, in ka sauka hanyar tsakuwa mai kwarkwaɗa ka rage zuwa wajen PSI 25 a ma'aunin iska, motar za ta daina tsalle, amma kar ka manta ka mayar in ka hau kwalta.

Maganar ɗaga mota, inci biyu ya isa, kuma gaskiya yawancinmu ba ɗagawa muke buƙata ba, sifirin na baya ne ya gaji. A ƙara ganye ɗaya ko a sa sabon sifirin mai ɗaukar kaya da shokazoba mai kyau, shikenan. In ka wuce haka motar na rangaji a kwana, ƙafafun gaba na cin roba, kuma ƙarin ganyen nan ba ya ƙara adadin nauyin da motar ta halatta ta ɗauka, birkin dai shi ne na da.

Yanzu bokiti, wato bayan motar inda ake loda kaya, nan ne aikin yake. Rumfar faiba ta kanti tana da kyau in aljihu zai ɗauka, amma a Suame za a yi maka ta ƙarfe da tamfol wadda ta fi dacewa da mu don ana naɗe gefenta iska ta shiga. Sai dai ka tsaya a kan welda, don shi a ganinsa ƙarfe mai kauri shi ne aiki mai kyau. Ka ce masa "Masta, dan Allah bututu mai kusurwa huɗu na inci ɗaya, ba na gina gida ba," zai yi dariya ya ce ba zai yi ƙarko ba, ka ce ka ji ka gani, a sa masa 'yan ƙarafa a karkace a kusurwoyi ƙarfin daga nan yake zuwa ba daga kauri ba. Abu biyu kuma kar ka sassauta. Kar a yi walda a jikin shasi ko a liƙa rumfar da bokiti, komai da noti za a ɗaure, a yanka tsohon tub na taya a sa tsakanin ƙarfe da ƙarfe don kar ya ci fenti ya yi ta ƙara, kuma ranar da za ka ɗauko siminti ko ragon layya mutum biyu su kwance ta su ajiye. Na biyu, in dole sai an taɓa wuta a jikin motar a cire kan batir tukuna, sababbin motocin nan kwamfuta gare su, ƙonewarta ya fi kuɗin rumfar gaba ɗaya. Tsayin rumfar kar ya wuce kan motar da yawa, in mutum zai iya zama a kan katifa kansa bai taɓa sama ba ya isa. A yi fenti na hana tsatsa kafin na ado, tamfol kuma mai haske, ruwan ƙasa ko toka, baƙi zafi yake tarawa. A ɗinka ragar sauro a tagogin da zif.

Ga wani abu da ba a ganewa sai an sha. Jar ƙurar hanya ba ta gaba take shiga bokiti ba, ta baya take shiga, ta ramin da ke gefe da ƙasan ƙofar bokiti, don in mota na gudu iskar baya tsotso take yi. Za ka rufe ko'ina ruf ka isa ka buɗe ka ga katifa da buhun shinkafa da sallaya duk sun koma ja. Maganin shi ne a bi bakin ƙofar nan da robar ƙofa a toshe, sannan a buɗe 'yar taga ƙarama a gaban rumfar ko a samanta tana kallon gaba, iska mai tsabta ta shiga ta cika ciki ta riƙa tura ƙurar waje. Mutane na jin an ce a buɗe taga don hana ƙura sai su ce ba hankali, amma gwada ka gani.

A cikin bokitin kafinta zai yi maka dandamali da filawud mai kaurin milimita 18, irin mai jure ruwa, a daidai tsayin tudun tayoyin nan biyu, sama gado ƙasa ma'aji. A raba shi gida biyu ko uku yadda za ka ɗaga ɗaya ba sai ka sauke komai ba. Ban ba da shawarar dirowa mai ƙarfen zamewa ba, nauyi gare ta kuma ƙura na cinye ta, robobin nan masu murfi da ake sayarwa a Kejetia sun wadatar, ka ɗaura wa kowace igiya a hannu ka riƙa jawo ta, ka rubuta abin da ke ciki a jiki da maka. Bokitin mai ƙofa huɗu tsawonsa wajen mita ɗaya da rabi ne kawai, babba ba zai miƙe ƙafa ba sai an sauke ƙofar baya an ɗora ƙarin katako, don haka a ɗinka wa tamfol ɗin wani haɓa da zai rufe har kan ƙofar in an sauke ta. Tsarin da na ga ya fi zama lafiya shi ne uwargida da ƙananan yara a sama cikin bokiti, nesa da kunama da maciji, maigida da samari a tanti a ƙasa. Tantin kan rufin nan da ake gani a YouTube yana da kyau a hoto, amma kilo 50 zuwa 70 ne a can sama inda ba a son nauyi, kuma ka tuna yaro ɗan shekara huɗu zai ce fitsari ƙarfe biyun dare, kai ne za ka sauko da shi ta tsani.

Wajen loda kaya, mai nauyi ƙasa kuma gaba, jikin bangon da ke bayan kujeru. Galan ɗin ruwa, Kufuor galan ɗin nan masu ruwan ɗorawa, nan za su jeru a ɗaure da bel, ba a baya wajen ƙofa ba inda ya fi sauƙin ɗauka, don nauyi in ya wuce tayar baya gaban motar sai ya yi sama ta riƙa tafiya kamar agwagwa, sitiyari ya yi sakwaf. Ka wanke su da kyau in na mai ne a da. Ruwa ka yi lissafin lita 10 kowane mutum a rana, don mu ba sha kaɗai muke yi ba, ga alwala sau biyar ga tsarki ga girki, mutum biyar kwana biyu galan huɗu kenan babu wanka mai yawa. Ɗaya daga ciki a sa masa famfo a ƙasa a ɗora a bakin bokiti, ya fi a yi ta karkata galan ana zubar da rabi.

Kuma in kana so a sake binka karo na biyu, ka gyara maganar bayi kafin ka gyara maganar fitila. Sanduna huɗu, yadi mai kauri da aka ɗinka kamar ɗaki, bokiti mai murfin zama ko rami da shebur nesa da rafi, buta biyu, da tocila tasa ta kansa. Haka inuwa, tamfol mai faɗin mita uku da za a maƙala a gefen rumfa da sanduna biyu, da labule a gefe ɗaya yadda mata za su sake su cire mayafi su sha iska, nan ne wajen sallah nan ne wajen cin abinci. Wannan duka kuɗinsa bai kai na fitila ɗaya ta gayu ba.

Girki a kan ƙofar bokiti ake yi, a shimfiɗa mata falle na alminiyom. Tukunyar gas ta kilo 6 ta isa, a tsaye, a ɗaure, a inda iska ke ratsawa, ba cikin ma'ajin da ke ƙarƙashin gado ba. Kurfoti, murhun gawayi, kuma a ƙasa nesa da ciyawa. Dan Allah duk sanyin da ake yi a Disamba kar wani ya shigar da garwashi cikin tanti ko cikin rumfa a rufe, hayaƙin gawayi ba ya wari, barci kawai mutum zai yi ya wuce. Abin kashe gobara ɗaya a gaba kusa da direba, ɗaya a baya wajen girki.

Wuta, kar ka jona firij da batirin tada mota. A sa na biyu mai 100Ah da na'urar da ke raba su in an kashe inji, waya mai kauri, da fiyus dab da kan kowane batir, wannan fiyus ɗin ka gani da idonka don wayar da ta goge a jikin ƙarfe babu fiyus ita ke ƙona mota. Ƙaramin firij na 12V a zafinmu yana cin wajen 30 zuwa 40Ah a rana, batir na ruwa kuma rabinsa kawai ake ci in ana so ya daɗe, ka ga kwana ɗaya da 'yan awanni kenan, sai ka haɗa da faifan sola na wat 120 ko sama. In tafiyar kwana biyu ce kawai ma manta da firij, kula mai kyau da ƙanƙarar da ka daskarar a robobin ruwa ta isa, in ta narke ku sha. Fitilun saman nan masu kashe ido kuwa 'yan sandan kula da hanya, MTTD, na cire su a hanya kuma suna da gaskiya, ƙananan fitilu biyu a cikin rumfa da ɗaya a wajen girki su ne masu amfani.

Yara a cikin mota suke zama da bel, ba a bokiti ba, ko da rumfa ko da katifa, ko sun yi kuka. Kujera biyar ce mutum biyar. In gidanka ya fi haka sai mota ta biyu, in kuma mata biyu ne to wannan lissafin ya fi ƙarfin makanike.

Sai farauta. Bindiga akwatin ƙarfe za a yi mata mai kwaɗo, a ɗaure shi da noti a ƙarƙashin dandamali can ciki, a shimfiɗa soso, harsashi a wani akwatin daban da nasa kwaɗon, makullai a aljihunka ba a cikin mota ba. Ba a tafiya da ita da harsashi a ciki, ko daga sansani zuwa bakin rafi ne. Lasisinta na 'yan sanda ana sabunta shi duk shekara, lasisin farauta kuma daban ne, wajen sashen namun daji na Forestry Commission ake karɓa, ka haɗa su da inshora da rodiwodi, takardar lafiyar mota ta hukumar DVLA, a leda ɗaya don shingayen hanyar arewa ba kaɗan ba ne. Daga 1 ga Agusta zuwa 1 ga Disamba an rufe farauta a Ghana duka, lokacin haihuwar dabbobi ne, gyazbi kaɗai aka bari, akrantiye ɗin nan, shi ma da lasisi. Dokar 1971, L.I. 685, ta hana farauta da fitila da tarkon ƙarfe da guba, don haka masu cewa a sa fitilar hannu mai ƙarfi a kan rumfa don haska idon gada da dare ka ce musu a'a, banda doka ma ta haka ake harbin mutum a gona a ce an zaci nama ne. Cinna wa daji wuta don a koro nama shi ma laifi ne tun dokar 1990. Giwa, dorina, kada, ɗankunya, waɗannan babu lokacinsu ko kaɗan. Kuma duk inda za ku sauka ku fara zuwa gaida sarkin garin da goronku, ku nemi ɗan gari ya raka ku, shi ya san inda gonaki suke da inda Fulani ke kiwo.

Ni a ganina ranar da za a yi harbi ba ranar yara ba ce, su zauna a sansani da wani babba. Wuƙar yanka mai kaifi a ƙugu, bisimilla kafin a saki harsashi, in ka tarar da rai ka yanka. Nama kula ɗinsa daban, a fede a cire kayan ciki da wuri, in za a kwana a yi banda. Ka ware wani lungu a bayan bokiti da tabarmar roba da za a iya zarewa a wanke, don jini in ya shiga filawud warin ba ya fita.

In Mole za ku, bindiga ta zauna a gida, gandun namun daji na gwamnati ne, kallo kawai ake yi da ma'aikaci mai rakiya. Hanyar ita ce Techiman, Kintampo, Buipe, ku karya hagu a mahaɗar Fufulso zuwa Damongo, sai Larabanga mai tsohon masallacin nan, daga nan ƙofar gandun ba nisa. Ku sha mai ku ciri kuɗi a hannu a Damongo don momo, kuɗin waya, ba ko'ina netwok ke kamawa ba. Rumfarka ta zama mai rufuwa da kyau saboda birai, sun iya buɗe kula sarai, kuma a bar baƙaƙen kaya da shuɗi mai duhu a gida don tsando na bin su. Disamba zuwa Fabrairu ya fi daɗi da yara, Maris da Afrilu an fi ganin giwaye a bakin ruwa amma zafin ba na wasa ba ne. A hunturu kullum da safe ka ciro filtar iska ka kakkaɓe.

Kayan fitar da mota in ta kafe ba su da yawa, shebur, bel mai ƙarfi na ja, katako mai kauri da za a ɗora jak a kai a ƙasa mai taushi, adda. Kar a taɓa ɗaura bel a ƙwallon jan tirela, in ya ɓalle harsashi ne, a ƙugiyar da ke jikin shasi ake ɗaurawa. Giyar ƙafa huɗu a jar ƙasa da yashi da laka, kana hawa kwalta ka cire. Akwatin magani da ORS da farasitamol da bandeji, in maciji ya sari mutum ba tsagawa ba tsotsa, a hana shi motsi a nufi asibiti mafi kusa, lambar gaggawa 112.

Kafin doguwar tafiya ku loda komai yadda za a tafi da shi, har ruwan, ku je tafkin Bosomtwe ku kwana ɗaya, wajen kilomita 30 ne daga gari. Gangaren da ke sauka Abono zai nuna maka halin birkinka da kaya a kai, ka sauka da giya ta biyu kar ka danne birki tun daga sama. A can za ku gane abin da aka manta da abin da aka ɗauko a banza, kuma madam ta faɗi nata gyaran a rubuta. In kun dawo ka bi notocin rumfa da na dandamali da na sifirin ɗaya bayan ɗaya da sifana ka ƙara ɗaure su, sabon aiki yana saki bayan tafiyar farko, sannan ka leƙa ƙarƙashin tub ɗin da aka sa ka ga ko ƙarfe ya fara cin bakin bokiti.